Daga Ganuwa Zuwa Awon Igiya: Yadda Birnin Kano Ya Cinye Gonakinsa

Baturen nan Hugh Clapperton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, kuma cikin abubuwan da ya rubuta akwai wanda Bakanon yau zai ji kamar almara. Ya ce gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna da fadamar Jakara. A 1851 Heinrich Barth, wanda aka fi sani a ƙasar nan da Abdulkarim, ya hau Dutsen Dala ya duba gari, ya tarar abin yana nan yadda yake: jama'a sun dunƙule daga gindin Dala zuwa kudu, sauran cikin badala kuwa fili ne na noma da kiwo. Ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000.

Da gangan magabata suka yi haka. Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa wajen farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, aka kuma ƙara mata a ƙarni na 17. Duk sarkin da ya ƙara, sai ya haɗo da ƙasar noma a ciki. Dalilin a fili yake. Idan Kwararrafa ko Katsinawa suka yi wa gari zobe, mutanen karkara suka kwararo ciki da shanu da tumaki, aka rufe ƙofofi, to daga ina hatsi da ciyawa za su fito? Garin da ba shi da gona a cikinsa, yunwa ce za ta buɗe wa abokan gaba ƙofa. Saboda haka tun farko an lissafa gona cikin kayan tsaron gari, daidai da ganuwar kanta.

A wajen ganuwa ma ƙasa tana da ƙa'ida. Kowane gari yana da hurumi, inda ba mai nomawa ba mai ginawa: makiyaya, burtali, mashaya, maƙabarta, filin idi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum yake samun haƙƙi a kan mataccen fili da kuma abin da shugaba zai iya keɓewa don amfanin jama'a. Ba zan ce zamanin adalci ne zalla ba. Sarakuna da masu sarauta suna da gandaye da rinji da bayi suke nomawa, irin na Nassarawa da Ɗorayi da Fanisau, kuma talakan da ya saɓa da mai gari yana iya kwana da gona ya tashi babu. Amma kowa, daga sarki har bawa, ya san gona abu ce mai daraja a karan kanta, ba wanda yake mata kallon filin da yake jiran mai gini.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne cuɗayyar da ke tsakanin birni da gonakin da ke kewaye da shi. Da rani ya kama, manomi zai ɗora wa jakinsa itace ko kara ko harawa ya nufi ƙofar gari tun da asuba. Idan ya sayar, ba ya komawa da mangala wayam. Zai bi gidajen masu doki da masu awaki, ya bi juji, ya cika ta da kashin dabbobi da toka da shara, ya kai gona ya zube tsibi-tsibi, sai gab da damina a baza. Da wannan takin ne ake noma gona ɗaya kowace shekara ba a bar ta ta huta ba, kuma ba ta gaza. Gero da dawa a sama, wake da gyaɗa a ƙarƙashi, gamba ko lalle a kan iyaka, ga ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo jefi-jefi a tsakiyar gona, kowace bishiya da mai ita. Ƙasar jigawa ce, ba wani ƙarfi gare ta daga asali ba. Hannun mutane ne ya gyara ta, kaka da kakanni. Wannan ya kamata mai karatu ya riƙe, domin ƙasar da ake zuba wa siminti yau a Kumbotso da Ungogo ita ce wadda aka yi shekara ɗaruruwa ana ciyarwa.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Bayan 'yan shekaru aka kafa kwamiti a Landan a 1908 don duba sha'anin ƙasa a Arewa, sakamakonsa kuma shi ne dokar 1910 wadda ta ce duk ƙasar Arewa, wadda ake zaune a kai da wadda ba kowa, tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, kuma ba wata mallaka da za ta inganta sai da yardarsa. A yi wa dokar adalci: ita ta hana Turawa zuwa su yanki manyan gonaki su zauna, yadda suka yi a Kenya da Rodeshiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai an gina ta a kan zaton cewa Bahaushe ba ya sayar da gona, alhali a kewayen Kano ana gado, ana jingina, ana aro, ana saye da sayarwa a gaban dagaci da shaidu. Daga ranar aka samu doka biyu a kan gona ɗaya, ta takarda da ta mutane, kuma har yau ba su haɗu ba.

Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, gari ya fara tsallake ganuwa ta gabas. Aka yanka Nassarawa da Bompai don Turawa, aka yi kantuna da tasha, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 don baƙi daga Kudu, Fagge ta cika, daga baya Tudun Wada da Gwagwarwa suka biyo. A nan ne aka fara raba gari shiyya-shiyya bisa taswira, amma ba gona aka nufa da karewa ba. Ƙa'idar da aka fi tsanantawa ita ce a bar fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, don gudun sauro da cuta. Gonaki kuwa an san da su sarai idan maganar haraji ce. A gundumomin da ke kusa da birni, malaman En'e sun bi gona-gona suna aunawa suna rubuta sunan mai ita, don a yanka masa abin da zai biya.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan zango shi ne, Turawan nan sun san matsalar a gidansu, sun kuma nemi maganinta. Da Landan ta fara mamaye karkarar da ke kewaye da ita, an yi doka a 1938 don a yi mata ɗamara da fili wanda ba za a gina ba. A 1947 aka yi wata wadda ta ce mai gona ba zai mayar da ita gidaje ba sai da izinin hukuma, aka kuma ware fam miliyan 300 don biyan waɗanda wannan hani ya tauye. A 1955 minista Duncan Sandys ya nemi sauran biranen Ingila su yi irin wannan ɗamara. Tsarin yana da nasa ciwon, domin har gobe ana ɗora masa wani kaso na laifin tsadar gidaje a Landan. Mu kuwa abin da aka ba mu shi ne dokar tsara birane ta 1946, wadda aka kwaikwayo daga tsohuwar dokar Ingila ta 1932. Da ita muka shiga 'yancin kai.

Duk da haka, har farkon shekarun 1960 lamarin bai ɓaci ba. Ƙidayar 1952 ta ba birnin Kano da unguwanninsa mutum wajen 130,000. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya yi nazarin karkarar Kano a lokacin, ya nuna wa duniya cewa ga wuri mai cunkoson jama'a da ba safai ake samun irinsa a Afirka ba, amma ƙasarsa ba ta mutu ba, saboda taki da itatuwa da dabbobi da kusancin kasuwa. A 1971 da 1972 Polly Hill ta zauna ta yi bincike a Ɗorayi, littafinta ya fito a 1977. Ɗorayin da ta bayyana karkara ce: manya-manyan gidaje a warwatse cikin gonaki, magidanta bakwai ko goma ko fiye a gida ɗaya, kusan ba inda ba a nomawa. Ta kuma ga abin da ke tafe. Gonaki sun ƙanƙance saboda rabon gado, farashinsu yana hawa, da yawa daga magidanta abin da suke nomawa ba ya kai su ko'ina, sai sun haɗa da wata sana'a a birni. Wanda ya san Ɗorayi Babba da Ɗorayi Ƙarama a yau ya san ƙarshen labarin. Mutumin da aka haifa shekarar da ta zo bai daɗe da haura hamsin ba, kuma gonar da aka yi masa suna a gefenta yanzu lungu ce.

Ba a ce ba a yi tsari ba. Hukumar tsara birnin Kano da kewaye ta sa B. A. W. Trevallion ya zana tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, da wuraren masana'antu da na gidaje da manyan tituna. Abin da ya biyo baya ne ya fi ƙarfin takardar. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zo da gine-gine, kuɗin man fetur ya shigo, masana'antu suka tashi a Bompai da Sharaɗa da Challawa, Jami'ar Bayero ta ɗauki makeken fili a hanyar Gwarzo. Farin farkon shekarun 1970 ya koro mutane daga arewa da Nijar. Kowane ɗayan waɗannan yana bukatar ƙasa, kuma ba wata ƙasa a kewayen Kano sai gonar wani.

Ana cikin haka, ranar 29 ga Maris 1978, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fito da Dokar Amfani da Ƙasa. Ga mutanen Kudu sabon abu ce. Ga Arewa kuwa jikar dokar 1910 ce, ta hanyar dokar Jihar Arewa ta 1962. Ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ta ba shi ikon ya ayyana inda ya ga dama a matsayin birni, wanda da zarar ya yi, ƙasar wurin ta fita daga hannun ƙaramar hukuma ta koma nasa. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin kowa saboda amfanin jama'a. Sashe na 29 ya yi maganar diyya, kuma a nan gizo yake saƙa: abin da ake biya shi ne abin da aka ɗora a kan ƙasa, wato gini da shuka da itatuwa masu amfani. Ita ƙasar kanta ba ta da kuɗi, tunda a idon doka ba ta manomi ba ce. An kuma cusa dokar cikin tsarin mulki a 1979, aka maimaita a 1999, don haka gyara ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki.

Akwai wani sashe da ba a cika ambata ba, na 36. Shi ya ce gonar karkara da mutum yake riƙe da ita kafin dokar, ya ci gaba da nomanta, amma ba za a yanka ta fuloti-fuloti ba, ba kuma za a sayar wa wani ba, wanda ya yi kuma akwai tara ko ɗauri. Ashe ke nan tun 1978 akwai hani a rubuce. To me ya sa bai yi aiki ba?

Sa kanka a matsayin manomi a Sheka ko Bachirawa cikin shekarun 1980. Ka ga an zo ƙauyen da ke gabanku da safiyo da katafila. An ƙirga ɗorawa da mangwaro, an yi wa dawar da ke tsaye kuɗi, an biya abin da bai isa sayen rabin gonar a wani wuri ba, wani lokacin ma sai an yi ta zarya kafin ya fito. Bayan shekara biyu ka ga fulotin da aka yanka a gonar maƙwabcinka, guda ɗaya tak, an sayar da shi kuɗin da ya ninka diyyar gonar gaba ɗaya, kuma wanda ya sayar bai taɓa riƙe fartanya ba, takarda kawai aka ba shi a ofis. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kafin safiyo ya iso gare ka, sai ka kira dillali. Ni ban ga laifin wannan manomi ba. Dokar da ta hana shi sayarwa ita ce ta hana shi kwanciyar hankali a kan gonarsa, kuma ba a riƙe mutum da hani alhali yana ganin wanda ya bi doka shi ya yi asara. Daga baya an shigo da ba masu gona wani kaso na fulotan da aka yanka, abin da ya rage zafi, sai dai shi ma yana koya wa manomi cewa amfanin gona na ƙarshe shi ne a yanka ta.

Haka awon igiya ya zama babbar hanyar da Kano take faɗaɗa. Yadda ake yi ba ɓoyayye ba ne. Bayan an kawar da amfani, dillali zai zo da yaransa da igiya da turaku, magada suna tsaye, da wakilin mai unguwa. A ja igiya ƙafa hamsin nan, hamsin can, a kafa turke. Hanya ita ce asara a wurin mai sayarwa, don haka sai a matse ta yadda mota ɗaya za ta wuce da ƙyar, wani wurin ma sai babur. Ba a fitar da filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta, ba a duba inda ruwa yake bi idan an yi mamako. A rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, dillali ya karɓi la'ada. Mai saye zai zo da bulo kaɗan ya ɗora a kusurwa huɗu. Sau da yawa ba shi da kuɗin gini tukuna, sai ya bar wa tsohon mai gonar aro ya ci gaba da shukawa. Shi ya sa a bakin gari za ka ga kango ya kai linta, babu rufi, masara ta yi kore shar a cikin abin da zai zama falo. Ɗorawar da ke tsakiya kuwa tun ranar awo aka yi cinikinta da masu itace.

Masu saye ma ba miyagu ba ne. Malamin firamare ne da haya ta ishe shi, ɗan kasuwar Kwari ne da yake son ya aurar da ɗansa, bazawara ce da ta sa kuɗin gadonta inda ba zai narke ba. Tun da darajar naira ta fara zubewa bayan 1986, fili ya zama asusun da kowa ya yarda da shi. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, wato Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, mutum wajen miliyan 2.8, kuma bayan nan rikicin Arewa maso Gabas da na 'yan bindiga sun ƙaro wasu. Dole mutanen nan su kwana a wani wuri. Awon gwamnati bai taɓa isa ba, wanda ake yi kuma ba kasafai yake faɗawa hannun mai ƙaramin ƙarfi ba. Rukunin gidaje irin su Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da aka gina tsakanin 2011 da 2015, suna da tituna da magudanai, amma ba mai neman ɗaki biyu aka yi wa su ba. Duk mai cewa a kare gona bai faɗi inda talaka zai yi gida ba, bai gama magana ba.

Abin baƙin cikin shi ne an rasa gonar, gidan kuma bai samu yadda ya kamata ba. Unguwannin awon igiya su ne suke shan ambaliya, domin an gine hanyoyin ruwa, an cike kududdufai an yi gini a kai. Idan hukuma ta zo fitar da titi daga baya, sai an shafa jan fenti an yi rusau, a biya diyyar da ta fi abin da za a kashe da tun farko an yi awo mai kyau. Tsohuwar cuɗayyar birni da gona ma ta yanke. Sharar da a da jaki yake kaiwa gona yanzu cike take da leda, ta zama abin toshe lambatu. Masu lambu a bakin Jakara da Getsi suna ban ruwa da abin da ya gangaro daga kwatoci da masana'antu. Masu tifa suna bin gonakin da suka rage suna kwashe ƙasa da yashi don gini, su bar ramuka. Burtali kuwa shi ne farkon abin da ake haɗiyewa, tunda ba shi da magajin da zai kai ƙara.

Shi kuma wanda ya sayar, idan mai rabo ne, zai sayi wata gonar can wajen Bichi ko Gaya, ya je Hajji, ya gyara gida. Da yawa kuwa kuɗin a hidimar aure da rashin lafiya yake ƙarewa, 'ya'yansu su koma leburan gini a kan ƙasar ubansu, ko su karɓi adaidaita sahu a kan biyan balas.

Ba Kano kaɗai ba ce: Misra ma ta gwada hani da ƙarfin hukuma. A 1983 ta mayar da gini a kan ƙasar noma laifi, haka ma kwashe ƙasar gona don yin bulo, amma unguwannin da ba izini suka ci gaba da tsirowa a gefen Alƙahira, saboda mutane ba su da wani wurin. Darasin ɗaya ne da na sashe na 36. Idan za a ce wannan yanki na noma ne, to sai manomin ciki ya samu takardar da gwamna ma ba zai soke ta da diyyar bishiya ba, sai kuma an yanka fuloti masu araha da hanya da magudana a wani wurin kafin dillali ya riga zuwa. Ikon yin na biyun yana cikin dokar da ake da ita, a hannun gwamna da hukumar tsara birane ta KNUPDA.

Yanzu bakin gari ya wuce Na'ibawa da Mariri da Rijiyar Zaki da Dawanau, ya shiga ƙasar Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa da Madobi. Ta hanyar Zariya kuwa, abin da ke gaba shi ne Kura da Kadawa da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 da kuɗin jama'a, yake bi ta magudanai ana noman shinkafa da tumatir da alkama rani da damina. Gonar jigawa idan ta tafi ana iya neman wata a nesa. Wannan kuwa ba a ɗaukar ta a kai wani wuri, domin tare take da ruwanta, kuma tsakaninta da inda ake jan igiya a yau tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota.